Ranar da Fikri Ya Je Ceton Basha

Ƙanena ne, cikinmu ɗaya, ni na goya shi, saboda haka kada wani ya ce ina tona masa asiri. Abin da aka yi a gaban mutanen unguwarmu ta Anfushi kaf, har da kuliyoyinsu, me ya rage ni Ihsan in tona?

Sunansa Fikri. A gidan shayi Kaftin suke ce masa, shi kuma ya amsa yana murza gashin baki. Kaftin ɗin me? Tikitin tarago ya yanka a nan Iskandariyya har ya yi ritaya. Sai dai lokacin da ya yi aikin soja an tura shi bakin Bahar Maliya, inda ya ƙare wa'adinsa yana fere dankali a kicin ɗin bariki, daga nan ya dawo mana da labarin nutso. Wai ya riƙe numfashi har abokansa suka fara yi masa salla. Wai wani ƙaton kifi ya haɗiye masa agogo, ya bi shi har gida ya karɓo. Ni kuwa na san ko wanka zai yi sai ya runtse ido ya toshe hanci.

A saman benenmu Sitt Tafida take. Mijinta, marigayi Wagdi, injiniyan jirgin ruwa ne, ya rasu ya bar mata gidan da wani tankin gilashi mai tsawon doguwar kujera, cike da kifayen teku masu launi iri-iri. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai ruwan goro da ratsin fari, ana ce masa Basha. Shi marigayin ya saya da hannunsa kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Sitt Tafida a tafin hannunta take ba shi abinci, da safe ta gaishe shi kafin ta gaida kowa. Shi kuma Fikri, tun da matarsa ta rasu ya kafa wa Sitt Tafida ido. Ya kai mata labarin nutso har ta haddace, ita kuwa daga "Ma sha Allah" ba ta ƙara komai.

Ranar Shammun Nasim ce, bikin shigowar bazara. Gari duk a rufe, kowane gida sai warin fasik, kifin da ake tsimawa a gishiri, da albasa mai lawashi. Mun zauna ke nan, na ɓare kifin na matsa masa lemon tsami, ga dafaffen ƙwai da na rina ja da shuɗi a faranti, sai muka ji ihu daga sama.

"Wayyo Basha! Jama'a, Basha!"

Fikri ya cusa ƙwai ɗaya a aljihu, don ba ya barin abinci a baya ko gobara ake yi, muka haura.

Ga abin da ya faru. A kusurwar tankin akwai wani siririn akwati a tsaye, daga sama har ƙasa, bakinsa da haƙora kamar na mataji. Magudana ce. Ruwa in ya cika sai ya bi ta haƙoran ya zuba ciki, ya shiga wani bututu da ke tsaye a tsakiya, ya gangara ƙaramin tanki da ke cikin kabad a ƙasa, inji ya sake turo shi sama. To Basha ya yi tsalle ya tsallake haƙoran, ya faɗa cikin magudanar. Ga shi can ƙasa, ya laɓe bayan bututu, ana hango ɗan idonsa ta gilashi. Sitt Tafida ta kira mai shagon kifi da ke zuwa duba mata tankin, wayarsa a kashe, ya tafi ƙauyensu cin fasik kamar kowa.

Fikri ya tura ƙirji gaba. "Sitt Tafida, share hawayenki. Mutumin da ya zaƙulo kifi daga kogo a ƙarƙashin Bahar Maliya, wannan ɗan akwatin ne zai gagare shi?"

"Fikri," na ce, "mu jira gobe mai shago ya dawo."

"Abla, ke da kifi sai a faranti. Matsa."

Sitt Tafida ta dube shi da jajayen idanu. "Ustaz Fikri, in ka fito mini da shi da ransa, ranar Alhamis ka zo da Abla Ihsan ku sha gahawa."

Kowa ya san abin da ake nufi idan bazawara ta ce namiji ya zo da yayarsa shan gahawa. Fikri ya ji maganar har tafin ƙafarsa. Ni kuwa na san ƙanena.

Ya naɗe hannun riga, ya hau kujera, ya zura hannu a magudanar. Ya shiga har gwiwar hannu, daga nan ya tsaya. Bai kai ko rabin hanya ba. Ya ja, hannu ya ce ina.

"Me kake jira?" in ji Sitt Tafida.

"Ina barinsa ya saba da ƙamshina. Haka ake yi."

Daidai nan Usta Girgis mai guga, wanda shagonsa ke ƙasan benen, ya shigo da albasa a hannu yana tauna. Ya zagaya ya dubi Fikri ta hagu, ya dube shi ta dama.

"Kaftin, kai ka kama kifin ko shi ya kama ka?"

"Girgis, in ba ka da abin yi, riƙe ni ta baya."

Usta Girgis ya kama bel ɗinsa, ni na kama Usta Girgis, muka ja. Hannu ya fito da ƙara kamar an zare marfin kwalba, bel ya tsinke, wando ya sauka har gwiwa. Sitt Tafida ta juya wa bango fuska tana salati. Fikri ya janyo wandon, ya ɗaure da igiyar labule, ya ce ai dama gwaji yake yi, yanzu ya san zurfin wurin.

Kafin nan maƙwabta sun fara taruwa a bakin ƙofa, kowa da ƙwai ko gutsuren burodi a hannu. Ranar hutu ce, ba abin kallo a gari sai mu.

Dabara ta biyu, ya ce a ba shi rariyar shayi. Ya ciro sandar labule, ya ɗaura rariyar a bakinta, ya zura. Basha ya zagaya bututu ta hagu, rariya ta bi shi. Ya dawo ta dama, rariya ta dawo. Fikri ya ciji leɓe, ya kai wani wawan sura, ɗaya bakin sandar ya wuce ta kan kafaɗarsa ya doki hoton marigayi Wagdi da ke bango. Hoto ya faɗo ƙasa, gilashinsa ya tarwatse.

"Ga mai gidan ma ya sauko ya ga aiki," in ji Usta Girgis.

Da aka zaro sandar, babu rariya. Tana can ƙasan magudana, Basha ya shige ƙarƙashinta ya yi zamansa.

"Madalla," in ji wata daga bakin ƙofa, "an kai masa rumfa."

Fikri ya share gumi. "A kawo mini ƙugiya da ɗan jatan lande. Yanzun nan zan..."

"Ƙugiya?" Sitt Tafida ta dafe ƙirji. "A bakin Basha? Da ransa na ce, Ustaz Fikri, da ransa!"

"Ƙarama fa."

"Wallahi ka sa masa ƙugiya sai na sa maka ita a hanci."

Ya sa hannu a aljihu, ya ji ƙwai. Na ga fuskarsa ta washe, na ce a raina shi ke nan, mun shiga uku. Duk ranar da Fikri ya yi irin wannan murmushin, sai an kira mai gyara.

"Jama'a, ku saurara ku ƙaru," ya ce. "Me ya sa kifin ba zai iya komawa ba? Don ruwan magudana ya fi na tanki ƙasa. Me ya sa ya fi ƙasa? Don bututun nan yana shanye shi. To in na toshe bakin bututu, ruwa ya taso ya shafe haƙoran, Basha ya iyo da kansa ya koma gida. Ko taɓa shi ba sai na yi ba."

Gaskiya, sai da wurin ya yi tsit. Har Usta Girgis ya daina tauna. Fikri ya ɗaga jan ƙwan sama kowa ya gani, ya zura hannu a hankali, don bakin bututun a sama yake, ya ɗora shi. Ƙwai ya zauna daram kamar don wurin kaza ta yi shi.

Ruwa ya fara tasowa. Ya kai haƙora, ya shafe su. Mutane suka fara tafi. Fikri ya juyo ya ɗan rusuna wa Sitt Tafida.

Basha kuwa ko motsi. Yana ƙarƙashin rariyarsa.

Abin da Kaftin bai lissafa ba, injin da ke cikin kabad bai san an yi wata dabara ba. Aikinsa turo ruwa sama, yana ta turowa, hanyar komawa kuma an toshe da ƙwai. Ruwa ya kai bakin tanki, ya yi ɗan tozo, ya fara zubowa ta ko'ina.

"Fikri, cire ƙwan!"

"Ɗan ƙara haƙuri, Abla, yanzu zai fito."

"Darduma ta!" in ji Sitt Tafida. "Dardumar da Wagdi ya kawo daga Izmir!"

Ya kai hannu zai cire ƙwan, ƙwai ya ƙara nutsewa cikin bututu ya cije. Ya danna da yatsa, ya ƙara shigewa.

"A kashe injin mana!" wani ya yi ihu. Aka buɗe kabad, wayoyi sun fi na fadar gwamna yawa, ba wanda ya san wacce ce wacce.

"Ba a kashe inji a tsakiyar aiki!" in ji Fikri. "Ku kawo tukwane! A rage ruwa! Kowa ya ɗiba!"

Ai kuwa mutanen Anfushi ba a ba su umarni sau biyu in dai hayaniya ce. Tukwane, kwanoni, butar shayi, har da wani da ya kawo kaskon suya. Ana ɗiba daga tanki, ana miƙawa hannu da hannu, na ƙarshe ya watsa ta baranda. Ba wanda ya leƙa ƙasa. A ƙasan kuwa Madam Samira, matar Usta Girgis, ta shimfiɗa teburi a ƙofar shago, ta jera fasik da burodi da latas, surukanta sun zo daga Damanhur an zazzauna.

Ihun da ya taso daga titi, wallahi har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara.

"Girgis! Girgis, kana ina? Ana yi wa uwarka wanka da ruwan gishiri!"

Usta Girgis, wanda shi ne na ƙarshe a layin, shi ke watsawa da hannunsa, ya leƙa, ya ajiye tukunyar a hankali, ya ce, "Kaftin, in na mutu yau, kai ne."

Sannan ruwan da ke malala a ƙasa ya iske tarin wayoyin. Ji kake tas! Fitilar tanki ta mutu, inji ya yi shiru, rediyon maƙwabta ya ɗauke, benen gaba ɗaya ba wuta. Amma masu ɗiban ruwa sun riga sun yi zafi, ba wanda ya ce su tsaya, sai da na fizge tukunya daga hannun wani na ce, "Ya isa haka, ku 'yan albarka, so kuke ku kwashe har kifin?"

Tanki ya dawo rabi. Kifayen duk sun taru a ƙasa suna zagaye duwatsu. Magudana kuwa, da yake akwati ce mai zaman kanta kuma ƙwai ya toshe ta, tana nan cike da ruwanta, Basha na ciki.

Sitt Tafida ta sulale kan kujera. Mata suka kama ta, aka kai ta ɗaki ana shinshina mata lemon tsami.

Mai hankali a nan zai tsaya. Fikri ya gyara igiyar labulen da ke ƙugunsa ya ce, "Saura ƙiris. A cika tanki, ruwa ya sake shafe haƙora, ya fito."

"Da wane ruwan?" na ce. "Mai shago da nasa gishirin yake zuwa, na musamman, na sha ganinsa yana aunawa."

"Abla, gishiri gishiri ne. Dabarar 'yan kasuwa ce kawai."

"To ga teku can ƙarshen layi," in ji wani dattijo. "A ɗebo mana."

Fikri ya yi dariya har da riƙe ciki. "Bahar Rum? Wannan ruwan salamf ɗin? Na sardin ne, Hajji. Waɗannan 'yan Bahar Maliya ne, ruwansu ya fi gishiri nesa ba kusa ba. Ni na sha shi da bakina, na san ɗanɗanonsa. A kawo ruwan famfo, ni zan haɗa."

Sai dai gishirin kicin ɗin Sitt Tafida bai cika kofi ba, shaguna kuma duk a rufe. Shago ɗaya ne tak a buɗe a unguwar ranar Shammun Nasim, kowa ya san shi, na Mu'allim Dahshuri mai fasik. Fikri ya sauka da gudu. Can sai ga shi ya dawo, Mu'allim Dahshuri na biye da shi da ƙaton gwangwani a kafaɗa, don shi ma ya ji labari yana son ya gani da idonsa.

Tun suna matakala warin ya riga su isowa.

"Fikri, mene ne wannan?"

"Gishiri."

"Na gindin ganga ne," in ji Mu'allim Dahshuri da alfahari. "Tun kaka kifi ke kwance a cikinsa. Duk Iskandariyya ba mai irinsa."

Jiƙaƙƙe ne, launin ƙasa, mai yana kwance a kansa, har da ɓawon kifi.

"Kada ka zuba wannan," na ce. "Fikri, don darajar mahaifiyarmu."

"Gishirin da ya saba da kifi, Abla, ai shi ya fi dacewa da kifi. Ke tunani fa."

Na kama hannunsa, ya fizge. Na yi ɗaki in kira Sitt Tafida, na tarar mata sun kewaye ta, wata na yi mata fifita, wata na ba ta labarin yadda nata mijin ya rasu. Kafin in kutsa in tashe ta mu fito, an gama. Bokiti bayan bokiti, yana damawa da sandar labule, yana tsoma yatsa yana lasa.

"Saura kaɗan," yake cewa. "A Bahar Maliya har ya fi haka cizo. Mu'allim, ƙaro."

Ruwan tanki ya koma kalar shayi. Mai ya taso ya kwanta a sama. Kuliyoyin unguwa, da ban san yawansu ya kai haka ba, suka cika matakala suna kuka, wasu na kutsawa ta tsakanin ƙafafun mutane.

Wani shuɗin kifi ne ya fara. Ya yi wani gudu, ya doki gilashi, ya juya ciki sama. Sai wasu rawaya guda biyu da kullum suke tare. Sai wani mai dogon baki. Ɗaya bayan ɗaya suna tasowa suna jeruwa a saman ruwa.

Sitt Tafida ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Hutawa suke yi," in ji Fikri, muryarsa ta ɗan siranta. "Haka suke yi in sun ji ruwan gida."

Mu'allim Dahshuri ya matso ya leƙa, ya girgiza kai irin na masani. "A'a, Kaftin, waɗannan sun kama hanya. Ka bar su a ciki zuwa baɗi, za su yi daɗi."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka ce masa shit. Ni kam kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma tausayin matar nan ya kama ni har na ji hawaye. Shekara da shekaru tana kula da abin da mijinta ya bari, ƙanena ya gama da shi kafin la'asar.

Ruwan ya tsaya saura kamar faɗin tafin hannu ya kai haƙoran magudana. Fikri ya sunkuya ya ɗauki wani bokitin.

"Wannan ne na ƙarshe. Da ya shafe haƙora, Basha zai..."

Ban taɓa sanin Sitt Tafida na da sauri haka ba. Kafin ya ɗaga bokitin ta riga ta shiga tsakaninsa da tanki, silifa a hannu.

"Ajiye."

"Sitt Tafida, alkawari fa..."

"Na ce ajiye!"

Ya ajiye. Ta juya ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar darduma, ta manna fuska a gilashin magudana. Mu ma duk muka matso. Can ƙasa, cikin ruwansa garai-garai wanda ko ɗigon na Fikri bai taɓa ba, rariyar shayi ta motsa. Basha ya leƙo, ya zagaya bututu sau ɗaya, ya koma.

"Yana da rai!" in ji Fikri. Ya juyo ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Ku shaida! Da ban bar shi a ciki ba, da yanzu yana cikin waɗannan. Ƙwan nan da kuke wa dariya, shi ya riƙe masa ruwa. Tun farko na san abin da nake yi. Abla, ki shirya, ranar Alhamis..."

Sitt Tafida ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na kan matakala sun ji.

"Ustaz Fikri, a gidan nan yau ka taɓa hoton mijina, ya fashe. Ka taɓa darduma, ta lalace. Ka taɓa wuta, ta mutu. Kifayen da hannunka ya kai gare su, ga su can a sama. Basha kaɗai ya tsira, don shi kaɗai ka kasa kaiwa gare shi. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan kafin Alhamis. Ni ma inda hannunka ba ya kaiwa zan zauna."

Ta nuna masa ƙofa da silifar. Jama'a suka dare, ya bi ta tsakiya riƙe da wando, kuliyoyi suka juya gaba ɗaya suka bi shi, don har gwiwar hannu warin fasik yake yi. Ya kai rabin matakala ta leƙo ta kira shi. Ya juyo da sauri, fuskarsa ta fara washewa.

"Igiyar labulena," ta ce. "Kwance ka ba ni."